Busa shida, goɗiya ta taho: aikin kiɗa a wasannin Zelda

Link, jarumin wasannin bidiyo na Zelda, na tsaye shi kaɗai a tsakiyar filin masarautar Hyrule, rana ta yi yamma, garin da za shi kuma da sauran tafiya. Mai wasa ya ciro masa 'yar busarsa, ya danna maɓalli uku a jere: sama, hagu, dama. Ya maimaita: sama, hagu, dama. Na'ura ta karɓa ta ƙarasa sauran waƙar da kanta. Can daga nesa sai haniniya, sai ƙarar kofato, sai ga goɗiyarsa Epona ta taho a sukwane ta ja tunga kusa da shi. Duk wanda ya buga The Legend of Zelda: Ocarina of Time, wanda kamfanin Nintendo ya fitar a Japan ranar 21 ga Nuwamba, 1998, yatsunsa na riƙe da waɗannan dannawa shida har yau, ko da ya manta rabin labarin.

Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya gane abin da ya faru a nan, domin muna da sunan abin: take. Mai kalangu ya kaɗa taken mahauci, mahaucin ya ji tun daga bayan rumfa, ya san da shi ake. Ba a kira sunansa ba, kiɗan ne sunan. Waƙar Epona taken goɗiya ce, kuma a kan wannan dabarar aka gina mafi yawan kiɗan da ake bugawa a cikin jerin wasannin Zelda. Na kawo maganar ne saboda sau da yawa ana haɗa Zelda da wasannin bin bugun kiɗa a kwando ɗaya, tunda dai duka akwai waƙa ana danna maɓalli. A ganina hanyarsu daban ce tun daga tushe, kuma tarihin jerin ya nuna cewa duk sanda Nintendo ta manta da wannan bambancin, sai abin ya yi tsami.

Wasan bin bugun kiɗa jarrabawa ce. Alamomi na gangarowa a kan allo, kai kuma ka danna a daidai lokacin da suka iso layi. Ka riga su ko ka makara da ƙiftawar ido, a rage maka maki. A shekarun da ake haɗa Ocarina of Time wannan salon yana tashe a Japan. PaRappa the Rapper na Masaya Matsuura ya fito a PlayStation a ƙarshen 1996, kamfanin Konami ya fito da Beatmania a 1997, sannan Dance Dance Revolution a 1998, wanda ake taka kibiyoyi da ƙafa a kan wani faranti. A duk waɗannan, na'ura alƙali ce mai riƙe da agogo. A Ocarina of Time kuwa babu agogon. Ka busa sautuka shidan nan da sauri, ka busa su a hankali, ka tsaya ka yi tunani tsakanin na uku da na huɗu, muddin jerin ya yi daidai goɗiya za ta zo. Abin da wasan ke tambaya shi ne: ka san abin da za ka faɗa, ka kuma san inda za ka faɗe shi?

Mutumin da ke bayan wannan kiɗan shi ne Koji Kondo, haifaffen Nagoya a 1961, wanda ya shiga Nintendo a 1984. Da yawanmu mun san aikinsa ba mu san sunansa ba, domin shi ya yi kiɗan Super Mario Bros. na 1985, wanda ya shigo gidajenmu ta na'urorin nan na kwaikwayo masu kaset rawaya da ake jonawa da talabijin. Na'urar asali, Famicom, muryoyi biyar kacal gare ta: biyu masu kaifi na ɗaukar waƙa, ɗaya mai kauri na ƙasa, ɗaya mai shuu ta kwaikwayon ganga, sai ta biyar ta ɗan guntun sauti da aka naɗa. Da waɗannan za a yi kiɗa, da su kuma za a yi ƙarar takobi da ta tsalle. Mai irin wannan ƙarancin kayan aiki dole ya koyi yin waƙa gajeriya mai kama kunne, wadda za a ji sau ɗari ba ta gundura ba.

Zelda na farko ya fito a Fabrairun 1986. Kondo ya ba da labarin cewa da farko an yi niyyar buɗe wasan da wani sanannen kiɗa na Maurice Ravel, mawaƙin Faransa da ya rasu a 1937, sai dab da gama aiki aka gano haƙƙin mallakarsa bai ƙare ba. A dare ɗaya ya zauna ya tsara wanda aka sa a madadinsa, daga kiɗan da ya riga ya yi wa filin wasan. Tun a wannan wasan aka ba Link wata 'yar sarewa. Ya busa ta, guguwa ta ɗauke shi ta kai shi ƙofar wani kogo da ya riga ya ci. Ya busa a gaban wani dodo, dodon ya ƙanƙance. Ya busa a bakin wani tafki, ruwa ya ƙafe matakala ta bayyana. Maɓalli ɗaya ne, waƙa ɗaya, amma tun daga nan sarewa mabuɗi ce. A 1991 ta koma kiran tsuntsun da ke ɗaukar Link daga wuri zuwa wuri. A Link's Awakening na 1993, a kan ɗan ƙaramin Game Boy, kiɗa ya zama ƙashin bayan labarin gaba ɗaya: kayan kiɗa takwas Link ke tattarawa, ɗaya a ƙarshen kowane kogo, domin a haɗa su a tashi wani kifi mai barci, alhali tsibirin da mutanen da ya saba da su duk a cikin mafarkin kifin suke. Ka kammala waƙar, ka rasa su.

A 1998 ne aka miƙa wa mai wasa busar a hannunsa. Okarina busa ce ta yumɓu mai kamar dankali, wadda wani ɗan Italiya, Giuseppe Donati, ya daidaita siffarta ta zamani a garin Budrio a 1853. A kan abin riƙon Nintendo 64 an ware mata maɓalli biyar, kowanne da sautinsa, kuma na farko da na biyar sauti ɗaya ne, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. Daga waɗannan biyar Kondo ya fitar da mabuɗan waƙoƙi 12. Shida na farko duk tsarinsu ɗaya: sauti uku, a maimaita. Yaro ɗan shekara takwas zai haddace a zama ɗaya. Amma abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake shigar da su kunnen mutum kafin a koya masa. Ka shiga gonar dawaki, waƙar Epona ce ke tashi a wurin, yarinyar gidan na rera ta. Ka shiga dajin ɓata, waƙar Saria ce, ƙawar Link. Ka shiga injin iska na ƙauyen Kakariko, waƙar hadari ce ke juyawa tare da shi. Ranar da aka ce ga yadda ake busa ta, ka riga ka san ta, ka kuma san ta wace ce da ta ina ce. Don haka busawar ba ta zama haddar lambobin sirri ba. Kira ne na wanda ka sani.

Kowace da aikinta, kuma aikin ya dace da mai ita. Waƙar renon Gimbiya Zelda shaidar gidan sarauta ce: ka tsaya a inda aka zana tambarin masarauta ka busa, ƙofa ta buɗe, ruwan da ya tare hanya ya dare, kamar manzon sarki da ya nuna sanda. Waƙar Saria ta zumunci ce, da ita kake magana da ƙawarka daga nesa, ita ce kuma ta sa shugaban ƙabilar Goron mai ɗaure fuska ya miƙe ya cashe har ya yarda ya saurare ka. Waƙar rana na mayar da dare safiya. A dajin ɓata ma ba busawa ake ba, saurare ake: hanyoyi ne a gabanka masu kama ɗaya, ka matsa kusa da kowace, wadda kiɗa ya fi ƙarfi a bakinta ita ce daidai. Mai wasa da talabijin a kashe murya zai yi ta zagaye.

Labarin waƙar hadari ya cancanci a tsaya a kansa. A wasan Link na kai-komo tsakanin yarintarsa da girmansa, shekara bakwai tsakani. Link babba ya shiga injin iska ya tarar da mai kiɗan wurin yana huci, yana cewa shekara bakwai da suka wuce wani yaro ya zo ya busa wata waƙa da ta haukata injin. Cikin fushin nan ya koya wa Link waƙar. Link ya koma baya zuwa yarintarsa, ya shiga injin, ya busa ta, injin ya haukace, rijiyar garin ta ƙafe. Mutumin ya koya daga yaron, yaron ya koya daga mutumin. To wa ya tsara ta? Wasan bai amsa ba, kuma waƙar kanta da'ira ce, tana dawowa inda ta fara.

Akwai kuma mutum-mutumin gona a bakin tafkin Hylia. Link yaro zai busa masa waƙa mai sauti takwas wadda mai wasa ya ƙirƙira da kansa. Bayan shekara bakwai na cikin labari, ka dawo ka busa ta, ya tuna, ta shiga jerin waƙoƙi masu aiki. Wasan da ke auna daidaiton yatsa ba zai iya yin wannan ba, domin ba shi da amsar da zai gwada taka da ita.

Wani abu da ya shafe mu a wannan wasan: a bugun farko-farko, kiɗan haikalin wuta na ɗauke da muryoyin da aka naɗo na zikirin Musulmi, waɗanda aka ciro daga tarin sautukan da masu haɗa kiɗa ke saya. Nintendo ta cire su a bugun da suka biyo baya, daga bisani kuma ta canza tambarin jinjirin wata da tauraro da aka ba ƙabilar Gerudo. Cirewar daidai ce. Ambaton Allah ba kayan ƙawata kogon dodanni ba ne, kuma kuskuren ya nuna abin da ke faruwa idan aka ɗauki sauti don daɗinsa kawai ba a tambayi ma'anarsa ba, a wasan da duk ƙarfinsa ma'anar sauti ce.

Majora's Mask na 2000 ya ɗauki busar nan ya ɗaura mata lokaci. Watan sama na faɗowa kan gari, saura kwana uku, wato ƙasa da awa ɗaya a agogon gaske. Waƙar lokaci ce ke mayar da kai safiyar ranar farko. Ka busa ta a juye, lokaci ya rage gudu. Ka ninka kowane sauti, ya yi tsalle gaba. A nan mai wasa ya fara sarrafa waƙa kamar yadda ake sarrafa kalma, a juya ta ma'ana ta juya. Kiɗan tsakiyar garin ma agogo ne: ranar farko a natse, ta biyu da ɗan sauri, ta uku yana gudu da wani amo mai nauyi a ƙarƙashinsa. Ba sai ka ɗaga kai ka dubi watan ba.

Daga The Wind Waker, wanda ya fito a ƙarshen 2002, aka fara shigo da agogon alƙali. An ba Link sandar jagoran makaɗa, a saman allo kuma ga wani haske na kaiwa da komowa. Sai ka karkata sandar a daidai kowane bugu, a ma'aunin bugu uku, ko huɗu, ko shida. Bai yi tsanani ba, kuma yana da kyau a ido. Matsalar ita ce wasan na teku ne, jirgin na filafilai, duk sanda za ka canza hanya sai ka ciro sanda ka kaɗa waƙar iska ka jira ta ƙare. Abin da ya fara a matsayin ikon juya iska ya koma kamar buɗe ƙofar shago kowace safiya. Nintendo ta amsa laifin a aikace: da ta sabunta wasan a 2013 ta sa wani filafilai mai juyo iska bayanka da kansa.

Spirit Tracks na 2009, a kan Nintendo DS, shi ne inda Zelda ya zama jarrabawa sosai. Sarewa ce mai bututu da yawa a jikin allo, kana jan ta da ɗan alƙalami, kana hura iska da bakinka a makirufon na'urar, kuma dole ka yi amshi da wani makaɗi a daidai bugu kafin labari ya ci gaba. Na zauna kusa da ɗan yayata yana fama da ɗaya daga cikin waɗannan. Fanka na kaɗawa a ɗakin, makirufo na ɗaukar iskarta a matsayin busa. Ya tashi ya kashe fankar, ya dawo yana gumi, ya hura har kansa ya fara juyawa, makaɗin na ce masa a sake, ba tare da an nuna masa inda ya kuskure ba. Yaron ya san waƙar, yana rera ta da baki daidai. Ya ajiye na'urar ranar bai wuce wurin ba. Laifin ba na kunnensa ba ne. An ɗora masa jarrabawar da ko wasannin bugun kiɗa na gaske ba sa yin irinta, domin su aƙalla suna nuna maka ka riga ko ka makara.

Skyward Sword na 2011 ya faɗa ɗaya ramin. An ba Link wani abin kiɗa mai tsirkiyoyi, amma ba ka zaɓen sauti ko ɗaya, lilo kawai kake yi da hannu hagu da dama kana bin wani zoben haske. Abin takaici, a wasan ne aka fara naɗar mafi yawan kiɗan Zelda da cikakkiyar tawagar makaɗa, kuma babban takensa waƙar renon Zelda ce aka juyo daga ƙarshe zuwa farko, dabara mai kyau ga labarin da ya kasance mafarin duk sauran. Kiɗan ya kai, hannun mai wasa ne aka ɗaure. Da Breath of the Wild ya zo a 2017, an karɓe kayan kiɗa daga hannun Link gaba ɗaya. Fito yake wa doki da baki. Fili ya koma shiru, sai ɗigon fiyano jefi-jefi, waƙa kuma ta koma hannun wani tsuntsu mai akodiyon da kan rera maka kacici-kacici a kan dutse. Mutane sun rabu a kan wannan. Ni ina ganin shirun ya dace da ƙasar da aka rusa shekara ɗari, amma na yi kewar busar.

Wasan bin bugun kiɗa na gaskiya a gidan Zelda bai fito daga Kyoto, hedkwatar Nintendo, ba. Wani ƙaramin kamfani ne a birnin Vancouver na Kanada, Brace Yourself Games, ƙarƙashin Ryan Clark, wanda ya yi Crypt of the NecroDancer, wasan da ake tafiya da bugun kiɗa, a 2015. Sun tuntuɓi Nintendo suna neman izinin ƙara jaruman Zelda a cikin nasu, maganar ta girma ta zama wasa mai zaman kansa, Cadence of Hyrule, da ya fito a Nintendo Switch a Yunin 2019. Ba kasafai Nintendo ke miƙa Zelda ga ƙaramin kamfani na waje ba. Danny Baranowsky da abokan aikinsa suka ɗauko tsofaffin waƙoƙin jerin suka sa musu ganga mai nauyi.

Dalilin da ya sa wannan ya yi nasara a inda sarewar 2009 ta gaza shi ne an cire bugu daga kayan kiɗa an mayar da shi ƙafa. Ƙasar an yanka ta gida-gida kamar ta dara. Kowane bugu taku ɗaya ne, naka da na abokan gaba baki ɗaya. Kowane dodo da rawarsa: wannan yana matsowa kowane bugu, wancan sai ya tsallake ɗaya, wani yana ɗaga hannu a bugu na farko ya kai sara a na biyu. Idan ka kuskure bugu, takunka ya faɗi su kuma sun matso. Saboda haka tambayar ta dawo irin ta Zelda: ka karanci wanda ke gabanka, ka san inda zai sa ƙafa? Bugun kiɗan matsi ne kawai da ke hana ka dogon tunani, kamar ɗan dambe da kalangu ke zuga shi, ba shi da damar tsayawa lissafi amma idonsa na kan ƙafar abokin karawa. Manyan dodannin ma an haɗa su da kayan kiɗa, wani da jita, wani da caki, mugun labarin kuma, Octavo, makaɗi ne da ya sa sarki barci da molonsa. Da ka share dodannin da ke fili, kiɗa ya lafa, ka yi yawonka yadda ka so.

Masu haɗa wasan sun kuma sa wani zaɓi ga wanda kunnensa ko yatsansa ba ya bin bugu, ko wanda ba ya ji sosai. Idan ka kunna shi, agogon ya tsaya. Dodanni ba sa motsi sai ka motsa. Kiɗa na ci gaba da tashi, Link na tsaye a gidansa na dara, dodo na gida biyu daga gare shi da hannu a sama, yana jira ka yanke shawara.